Ƙwallon Wuta Huɗu

Ni ne mutumin da ya ƙone rundunar aljanu ɗari uku da hannu ɗaya, ina kwance rigingine, ɗaya hannun riƙe da kofin kunu. Ka zagaye Agege kaf, daga bakin titin jirgi har kwatar shanu, ba za ka sami mai dabarar yaƙi irina ba. Ina da shaidu uku. Gaskiya ne biyu daga cikinsu sun ce aljanun goma sha ɗaya ne, ta ukun kuwa, wadda ita ta ƙirƙiro su da bakinta, ta ce tara ne har da gurgu. Amma kwanciyar dai babu wanda ya musa.

Danfo, motar hayar nan ta Legas, ita ce ta kwantar da ni. Ina da shekara hamsin da uku, da tumbin da na sha wahala kafin na tara shi, na diro tun motar ba ta gama tsayawa ba, kamar yadda na saba tun ina saurayi. Ƙafar dama ta sami kwalta, ta hagu ta sami lambatu. Aka ɗauko mai ɗori daga Idi-Araba, wani dattijo Basakkwace mai fara'a kamar zai ba ka kyauta. Ya ja ƙafar, na kira kakannina ɗaya bayan ɗaya har na ƙaro da na maƙwabta. Ya jera karare ya ɗaure, ya ce kwana arba'in kada ƙafar nan ta san ƙasa.

Ciki da falo muke da shi a irin dogon gidan nan na Legas mai ƙofa na kallon ƙofa. Aka fito da gado falo, aka ajiye ni gefen tagar da Hajiya matata take sayar da kayan masarufi ta tsakanin ƙarafanta. Rumfar gorona na bar wa ƙanena. Duniyata ta koma bango huɗu da silin, da wata fanka da ke juyawa in an kawo wuta, in ba a kawo ba mu zuba wa juna ido ni da ita. A silin ɗin akwai tabon ruwa. Ranar farko ya yi kama da raƙumi, ranar biyar ya koma fuskar surukata, ranar takwas na ji kaina ina yi masa barka da asuba. Jiniyar jirgi takan wuce sau da yawa a rana, kowace sai na ji kamar da ni take, tana gaya mini kowa yana tafiya ban da ni.

A rana ta tara babbar 'yata, wadda yajin aikin malaman jami'a ya dawo mana da ita gida, ta shigo da takardu da fensir da 'yar jaka cike da 'ya'yan lido, har da wani mai fuska ashirin kamar ƙwallon goruba da aka sassaƙe. Ta ce wani wasa ta koya a makaranta.

"Caca a gidana?" na ce.

"Baba, ko kwabo ba a zubawa. Labari ne. Ni zan riƙa faɗin inda kuke da abin da kuka gani, kowannenku ya riƙe mutum ɗaya a cikin labarin ya faɗi abin da zai yi. In abin mai wuya ne a jefa ɗan lido, shi zai raba gardama."

Sai da muka zama uku kafin wasan ya yiwu. Akwai Kawu, ƙanin Hajiya, direban tirela a Ijora, wanda duk gidan har ni muke kira Kawu saboda yara. Motarsa tana layin jiran kaya, shi kuma yana layin jiran tuwon yayarsa, don haka bai yi wuyar samu ba. Ya zaɓi ɓarawo mai buɗe kwado. Na ce masa ai Bazazzagi ba sai ya karanta takarda ba, ya san aikin tun a gida. Ya ce Bakano ya yi shiru, ya fara koyon sauka daga mota.

Hajiya ce ta ba mu mamaki. Shekara ashirin da takwas muna tare ban taɓa ganin ta taɓa ko karta ba. Da farko cewa ta yi za ta zauna minti biyar don yarinya ta ji daɗi. Da aka tambaye ta wa za ta riƙe, ta kalli takardar, sannan ta ce jaruma take so, doguwa, mai wushirya, da takobi da garkuwar fatar ɓauna, kuma a rubuta cewa tunda aka haife ta ba ta taɓa hura wuta ta ɗora tukunya ba. Aka rubuta. Ta karɓi takardar ta ninke ta sa a cikin ɗankwali.

Ran kowa gyaɗa ne a cikin ɗan faranti. Jarumar Hajiya tana da ashirin da biyu, ɓarawon Kawu sha huɗu, nawa biyar kacal. In aka sare ka, 'yata ta miƙa hannu ta ɗebi adadin ta cinye a gabanka. Farantinka ya ƙare, mutuminka ya mutu, kuma babu dawowa. Hajiya ta ji wannan doka ta ce, "To ku ji da kyau. Ranar da yarinyar nan tawa ta mutu, na tashi. Ba ni yin wata." Ta faɗa da muryar da take hana bashi, don haka babu wanda ya yi dariya. Na kuma san in ta tashi Kawu ba zai zauna yana kallon ƙafata ba, 'yata za ta tattara takardunta, ni in koma hira da silin.

Nawa mutumin, 'yata ta ce boka ne. Na ce a'uzu billahi, ni da na je Makka. Aka sasanta a kan mai siddabaru. Ta ba ni takarda mai laƙani goma sha biyu, sunayensu da Turanci, Kawu ya zauna ya raɗa musu namu. Wanda ke ɓoye mutum ya zama layar zana, mai jawo duhu ya zama baduhu, mai sandarar da hannun abokin gaba ya zama sagau, mai kautar da kibiya ya zama kau-da-bara. Akwai na buɗe ƙofa kowace iri, akwai na kiran ruwa, akwai na aika saƙo nesa, akwai wanda ke mai da mutum ƙanƙane kamar ɓera. Har da wani na hira da dabbobi, wanda na ce a kai wa Fulani. Can ƙasa kuma akwai ƙwallon wuta: ka jefa, ya fashe, duk abin da ke kusa ya gasu, a jefa 'ya'yan lido shida a ƙidaya ɓarnar.

Sharaɗin shi ne kowace safiya a cikin labarin in zaɓi huɗu kawai in rubuta. Wanda na yi amfani da shi ya tafi. Ba a canjawa sai mutumina ya yi barcin awa takwas cur.

Na karɓi fensir na rubuta ƙwallon wuta sau huɗu.

"Baba, shebi ka ga sauran? Ka ɗan gauraya mana."

"Yarinya, shekara talatin ina sayar da goro. Goro kawai. Ban taɓa haɗa shi da dabino ba, ban haɗa shi da alewa ba. Da shi na biya kuɗin makarantar da malamanta suka gudu. Ɗan kasuwa in ya gane abin da ke tafiya, huhu huɗu yake saye, ba ya tsaya tsince-tsince."

Hajiya tana miƙa wa wata mata ashana ta taga ta ce, "Mai zuwa neman allura ba ya karɓar gishiri, Alhaji."

"Shi ya sa ni nake da rumfa, ke kike da taga," na ce. Wannan maganar ta jawo mini miya ba nama kwana biyu, amma a lokacin na ji daɗinta.

Mako uku ina cin kasuwa. Kullum bayan la'asar a ɗora babban tire a kan kujera gefen gadona, a shimfiɗa taswirar da 'yata ta zana a bayan tsohuwar kalanda, mu yi ta yi har a kira magariba. 'Yan fashi suka tare hanya, na jefa wuta. Kada ya fito daga kogi, na jefa wuta. Wani mai gadin gada ya nemi mu amsa kacici-kacici, na jefa wuta, gadar ma ta tafi, muka yi zagayen kwana biyu, amma wannan laifin gadar ne da aka yi ta da katako. Awa biyun nan na yamma su kaɗai ne nake manta akwai karare a ƙafata. Tun azahar nake fara kallon agogo. Hajiya kuwa ta kai in mai saye ya ƙwanƙwasa taga ana cikin faɗa sai ta ce ya dawo bayan salla, abin da ko ranar sunan 'ya'yanta ba ta yi ba. Wata rana na ji ta a kicin tana gaya wa maƙwabciyarmu Bayarabiya yadda ta sare kan wani dodo, matar tana ta tafa hannu tana tambaya a wace unguwa aka yi.

Ranar wata Alhamis, kwanana talatin a kwance, muka bi wani attajirin azzalumi cikin gidansa. Ya gudu ta wani zaure, muka bi shi, ƙasa ta buɗe, muka zube. A faɗuwar wata kibiya mai dafi ta sami jarumar Hajiya, 'yata ta kwashi gyaɗa har saura bakwai.

"Kuna cikin ɗakin ajiya a ƙarƙashin ƙasa," in ji ta. "Taku goma tsawo, taku goma faɗi. An jibge dilolin auduga har rufi, busasshiya ƙamas. Ramin da kuka faɗo ya rufe. Ƙofa ɗaya ce, ta ƙarfe, an tokare ta daga waje da gungumen itace. A tsakiyarta akwai 'yar kafa, hannu zai shiga, kai ba zai shiga ba. Dafin yana cin gyaɗa ɗaya kowace awa. Mai makari yana can wajen gari, tafiyar awa uku."

"Na jefa wuta," na ce, don bakina ya riga ya saba.

"A cikin auduga, Baba?"

Kawu ya kwashe da dariya har ya ƙware. Hajiya ba ta yi ba. Tana kallon farantinta.

Kawu ya nemi kwado, babu kwado, gungume ne kawai. Ya zura hannu ta kafar ya taɓo shi, ya jefa ɗan lido don ɗagawa, ya sami uku. Hajiya ta daki ƙofar da kafaɗa, ta sami sha tara, na fara kabbara, 'yata ta ce ƙofar ƙarfe ba ta jin ƙasa da ashirin da biyar. Ta ce duk wannan ya ci awa guda, ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta jefa a baki. Na ji ƙarar taunar har cikin ƙashina da ya karye.

"Sauƙi ne," na ce. "In kwanta in yi barci, in tashi in rubuta na buɗe ƙofa."

"Awa takwas. Umma tana da shida."

"Mutumina mai saurin barci ne. Ya gaji ni."

"Takwas, Baba."

Aka kira magariba. Kawu ya miƙe yana gyara hula ya ce shi fa an ba motarsa kaya, da asuba zai ɗauki hanyar Ibadan, sai Lahadi. 'Yata ta tattara takardun kowa, ta rufe farantin Hajiya da murfin kwano, ta ɗora a kan kabad daidai inda idona yake sauka in na kwanta.

Kwana ukun nan ban taɓa ganin irinsu ba. Ga ni a ɗaki ba fita, ga ni a wani ɗakin cikin ɗaki ba fita. In na rufe ido auduga, in na buɗe silin. Na roƙi takardar laƙanin aka ba ni, na karanta ta a karo na farko tun daga sama har ƙasa, kamar mai karanta takardar gado bayan an gama rabo. Da na ɗauki na buɗe ƙofa, da tuni muna gari muna shan fura. Da na ƙanƙancewa ne, in bi ta kafar in ture gungumen ta waje. Na aika saƙo ma ya isa, akwai wani maƙeri a garin da muka taɓa ceto. Kiran ruwa kuwa, shi ya fi ci mini rai: in jiƙe audugar sharkaf, sannan in yi wutata hankali kwance. Abu biyu da suke aiki tare kamar shinkafa da wake, ni kuma na cika tukunya da wake. Kai, har na hira da dabbobin nan da na raina, ai ɗakin ajiya ba ya rasa ɓera, kuma ɓera ba ya rasa hanya. Cikin sha biyun nan, na ƙidaya, biyar za su fitar da mu. Ni na zaɓi wanda zai gasa mu, har sau huɗu, da hannuna, ina wa'azi.

Ranar Juma'a na gwada iko. Maza sun tafi masallaci, gidan ya yi tsit, ni da mata da jarirai kawai. Na kira 'yata.

"Zo nan. Wa ya haife ki?"

"Kai da Umma."

"To uban da ya haife ki yana umartarki ki duba takardar nan da kyau. Na huɗun nan ba ƙwallon wuta na rubuta ba. Rubutuna ne ba kyau."

Ta ɗauko ta duba. "Ka ma ja masa layi biyu a ƙasa."

"Fensir ne ya zame."

"Baba, abeg. In na canja maka, Umma za ta sani. Kuma in ta san an tausaya mata ne aka bar yarinyarta da rai, kai ma ka san ba za ta ƙara zama ba."

Wannan gaskiya ne, shi ya sa ya ba ni haushi. Na ce to ta sa attajirin ya tuba ya buɗe mana. Ta ce mutumin da na ƙone wa rumbuna uku da doki ba ya cikin halin tuba. Na yi mata alkawarin sabuwar waya. Ta ce in na warke ma yi maganar, amma ƙofa tana nan.

Da Hajiya ta zage ni da ya fi sauƙi. Tana kawo abinci, tana gyara mini matashi, tana ɗauke fo. Sau biyu na gan ta ta tsaya gaban kabad ta ɗaga murfin kwanon ta leƙa, kamar gyaɗar za ta haihu. Ranar Asabar da safe tana shara ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Na so a ce ta ga teku. Yarinya ta ce akwai teku a ƙarshen taswirar."

"Ai ga teku nan a Legas, Hajiya."

"Shekara ashirin da takwas, ka taɓa kai ni?"

Na ce ƙafata tana ciwo, na juya fuska bango. Bangon ma ba shi da wani labari.

Da yammar ranar nan ina kwance ina kallon ta tana ciniki. Wata tsohuwa ta zo sayen kananzir a 'yar kwalba. Ƙarafan tagarmu matsattsu ne, Hajiya ta zura hannu har kafaɗa, ta karkata, ta ajiye kwalbar a kan dakalin waje ta gefe inda tsohuwar za ta iya kaiwa. Kananzir yana waje, ita tana ciki, hannu ne kawai ya fita. Na yunƙura zan tashi zaune, ƙafar ta tuna mini da kanta, na koma. Na kira 'yata na yi mata tambaya a kunne. Ta ɗauko littafin dokokinta a waya ta daɗe tana karantawa.

"Zai yiwu," ta ce. "Ƙofar za ta tare wa audugar. Amma wutar da za ta dawo ta kafar, kai za ta samu gaba ɗaya. 'Ya'yan lido shida, Baba. Kana da gyaɗa biyar."

Ko ɗan aji ɗaya ya san shida ko duk ɗaya-ɗaya suka faɗo sun fi biyar. Na tambaya ko akwai ragi. Ta ce in na jefa mai fuska ashirin na sami sha biyar ko sama, na kauce, a raba ɓarnar biyu. Na yi lissafi, na ga ko an raba sai an yi sa'ar da ba a taɓa yi ba a tarihin lido.

"In na mutu fa?"

"Sai ka yi sabon mutum. Amma ba zai faɗo daga sama ba, sai sun isa gari sun same shi a can."

Awa uku ce tafiyar, na ce a raina. Zama ɗaya ne. Zan iya.

Lahadi Kawu ya dawo da burodin hanya da warin gas. Aka ɗora tire, aka sauko da faranti, aka ɗaga murfi: shida. Na gyara murya. Na shirya jawabi tun daren jiya, na kuma yi shi duka. Na ce jarumar Hajiya da ɓarawo su koma ƙarshen ɗaki su fake bayan garkuwa. Na yafe wa kowa. Na yi wasiyya a ba Kawu takalmana tun da dama zai sace. Na ce a gaya wa na baya cewa an yi wani Bakano mai siddabaru wanda bai taɓa ja da baya ba.

"Oya, Baba, lokaci na tafiya," in ji 'yata, hannunta yana shawagi a kan farantin uwarta.

"Na zura hannu ta kafar har kafaɗa. Na karkata. Na ɗora tafina a kan gungumen. Na saki wuta."

Na jefa mai fuska ashirin. Ya gangara, ya daki gefen tire, ya yi rawa, ya tsaya a kan huɗu. Aka jefa shidan, suka ba da ashirin da uku. 'Yata ta jawo farantina ta juye gyaɗa biyar a tafinta ta watsa a baki lokaci ɗaya, ko kunyar idona ba ta ji ba.

"Gungumen ya tarwatse. Ƙofa ta buɗe. Audugar ba ta kama ba. A bakin ƙofa akwai tulin toka da takalma biyu."

"Na ɗauki takalman," in ji Kawu.

Na jira. Na ɗauka za a yi shiru na minti ɗaya, ko Hajiya ta share ido da bakin mayafi, ko a ce Allah ya ji ƙan maza. Hajiya ta ja kujerarta gaba ta ce, "Awa nawa ya rage mini?" Aka ce biyar, jawabina da wutata sun cinye ɗaya. Ta ce, "Mu tafi," suka tsallake ni suka fita.

Tafiyar awa ukun nan zama huɗu ta ci. Ban san haka hanya take da tsawo ba sai da na daina ƙone abin da ke kanta. Suka haɗu da masu gadi, Kawu ya yi musu ƙarya suka wuce, rabin yamma ta tafi a kan wannan. Suka sayi jaki, Hajiya ta yi cinikin jakin nan kamar da kuɗinta na gaske, har ta duba haƙoransa. Suka isa wurin mai makari da gyaɗa ɗaya tak a farantin, aka ba ta magani, ta yi hamdala a fili. Na ce to madalla, ga gari, ga sabon mutumina a bakin kasuwa yana jira, na ma rubuta masa laƙani huɗu daban-daban, kowanne da dalilinsa. 'Yata ta ce mai makarin a bayan gari yake zaune, tsakaninsa da ƙofar gari akwai fadama. Tiren yana nan gefen gadona, taku ɗaya daga hancina, 'ya'yan lido suna ta ƙara a kansa, ni kuwa ba faranti, ba fensir, sai ƙafa a ɗaure da sauran kwanaki a gaba.

A fadamar kuraye biyar suka kewaye su. Na ga Hajiya tana shirin tsayawa a fili, alhali ga wani dutse a taswirar da za ta jingina bayanta. Na daure, na ciji leɓe, na kalli silin. Na kasa.

"Hajiya, dutsen nan na hagu. Ki sa bayanki, Kawu ya hau sama ya riƙa jifa. Ni da na ga yaƙi iri-iri nake gaya miki."

Ta girgiza ɗan lidon a tafinta, ba ta ko juyo ba.

"Alhaji, ƙofar dai mun gode. Amma kai yanzu toka ne, ka bar masu rai su yi shawara."